Hunturu biyu da injin yankan icce

Mai ɗakina ta sauka a farkon watan Disamba na 2023, daidai lokacin da hazo ya rufe garin Sakkwato. Duk magidancin da aka taɓa yi wa haihuwa cikin hunturu ya san ba ragon suna ne ke tayar da hankali ba, iccen jego ne. Rago sau ɗaya za ka saye shi ka huta. Icce kuwa safe da yamma ne har kwana arba'in: babbar tukunya cike da ruwa sai ta tafasa, a jefa ganyen dogon yaro a ciki, ga kunun kanwa, ga tuwon gida da ba a fasawa. Gidanmu kuma ba ƙarami ba ne. Baba yana da makarantar allo a zaure, almajirai ashirin da 'yan kai, kuma karatun dare da na asuba ba ya yiwuwa a wannan yanayi sai da wuta a tsakiya, don haske da jin ɗumi. A shekarar ce aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu. Gas ya gagari mutane da yawa suka koma murhu, kuɗin motar da ke ɗauko icce daga daji ya hau, ƙullin da muke saye a bakin titi ya rame har kana iya ƙirga abin da ke cikinsa da yatsun hannu ɗaya.

Ana cikin haka, ga wani tsohon dogon yaro kwance bayan katangar maƙwabcinmu tun guguwar farkon damina. Mata da yara sun riga sun kwashe ƙirare da ƙananan rassa da adda. Saura gangar jikin, wadda sai mutum biyu sun haɗa hannu za su zagaye ta, da manyan rassa huɗu. Masu faskare sun zo sun duba, suka yanka kuɗin da ya sa mai gidan ya ce a bar shi nan. Da na yi masa magana sai ya ce, "Malam, in kana iyawa kwashe shi duka, ni dai hili nika so." Kullum in zan tafi makarantar da nake koyarwa sai na bi ta gefen wannan gungume ina lissafin kwana nawa zai yi mana a murhu, alhali da yamma zan ciro kuɗi in sayi ƙulli uku. Abin da ya sa ke nan na sayar da tumakina biyu na shiga kasuwa neman injin yankan icce. Yanzu na yi hunturu biyu da shi, kuma mutane da dama sun tare ni suna tambaya ko su saya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani tsakani da Allah.

A layin masu sayar da janareta da injin ban ruwa na same shi. Mai shagon bai ruɗe ni ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce kayan kashi biyu ne. Akwai na asali, irin su Stihl na Jamus, kamfanin da aka kafa tun 1926, da Husqvarna na Suwidin. Su ne masu yankan katako a dazukan kudu ke riƙewa shekara da shekaru, amma kuɗin babba guda ya isa mutum ya fara tunanin babur. Sai kuma 'yan Sin masu sunaye barkatai, yau wannan suna gobe wancan, amma in ka buɗe cikinsu kusan duk uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ya ce mini, "In sana'a za ka yi, tara kuɗi ka sayi na asali. In na gida na, wanga ya ishe ka, in dai kana kula da shi." Na ɗauki ɗan Sin wanda aka rubuta 58cc a jikinsa, dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa kuma inci 20 ne. Mu a gida takobi muke ce wa wannan ƙarfe. A cikin kwalin akwai sifana mai sukundireba a gindi, da 'yar gorar auna mai, da magagari mai zagaye, da kuben roba na rufe takobin. Na sa ya haɗa shi a gabana ya tayar, kuma ina ba duk mai saye shawara kada ya bar shago da inji a cikin kwali. Abin da ban samu a shagon ba, kuma ya dame ni, shi ne kayan kare jiki. Ba tabarau, ba safar hannu, ba abin toshe kunne, kuma ko ambatonsu bai yi ba.

Injin irin na ƙaramin janareta ne, wanda ake gauraya masa fetur da man inji da ake kira 2T. Takardarsa ta ce kashi 25 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 40 a kowace lita. Na asali, in an samu mai mai kyau, mililita 20 suke sha. Kada mutum ya auna da ido. Ni sirinji na saya a kantin magani, da shi nake zuƙa. In man ya yi kaɗan fistin zai ci wuta, kuma daga nan injin ya gama yawo. In ya yi yawa fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya cika maka ido. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma sai na tace shi da tsumma mai tsabta, don yakan zo da yashi ko ruwa. Akwai wani tanki na biyu can gaba, na man da ke jiƙa sarƙa, kuma ƙa'ida ita ce duk sanda ka cika na fetur ka cika shi. Tankin fetur rabin lita ne da 'yan kai, yana kai ni rabin awa zuwa minti arba'in ina yanka ba tsayawa.

Wanda bai san Sakkwato ba zai raina sanyinmu. Amma jikin da ya saba da zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ranar da ma'auni ya sauka wajen 15 da asuba, ga iska tana yanka kamar reza, yatsu sai su ƙi lanƙwasuwa. Injin ma yana ji. Ranar farko na fito da shi bayan an sallame sallar asuba, na ja cok, wato maɓallin da ke rage wa inji iska don ya tashi da sanyi, na yi ta fizgar igiya har kafaɗata ta yi tsami, ba abin da nake ji sai warin fetur. Ƙanena, wanda yake kabu-kabu, ya fito da bargo a ka ya ce, "Yaya, dakata, ka shaƙe shi da mai." Ya kwance fulogi, ga shi jiƙe sharkaf. Ya goge shi, ya ja igiya sau biyar babu fulogi don man ya fita, ya mayar, ja biyu injin ya kama. Daga ranar na gane tsarinsa. A ajiye shi a ƙasa, a tura birkin sarƙa gaba, a taka mariƙin baya da ƙafar dama, hannun hagu ya danne mariƙin sama. A ja cok, a fizga sau uku ko huɗu har ya yi tari sau ɗaya. Wannan tarin shi ake saurare. Da ya yi sai a mayar da cok, a sake fizga, zai tashi. A bar shi ya yi minti ɗaya yana ɗumama kafin a sa masa icce. Tun da na bi haka, ko a tsakiyar Janairu bai taɓa wuce ja shida ba, kuma a nan kam ba ni da abin zarginsa. Na kuma daina tayar da shi da sassafe cikin unguwa, sai hantsi. Ƙararsa ta wuce ta injin niƙa nesa ba kusa ba, ga tsofaffi da marasa lafiya suna kwance.

Ba zan manta da yankan farko ba. Na ɗora takobin a kan reshe mai kaurin cinyar raƙumi, ban danna ba, nauyin injin kawai na bari, sai ga shi yana nutsewa kamar wuƙa cikin kabewa. Ɓarɓashi yana feshi a kan ƙafata, manya-manya kamar tsakin masara, ga ɗacin dogon yaro ya cika hanci, cikin iccen ja-ja kamar an shafa masa lalle. Kafin in ƙirga ashirin reshen ya faɗi. Yaran unguwa suka yi caa, dole na kashe inji na sa manyan almajirai biyu suka kora su nesa. Safiyar Asabar da ta Lahadi muka gama da gungumen da ya yi wata shida yana gagarar mutane. Amalanke biyar muka kai gida. Ya fitar da mu jego, ya riƙe wutar karatu har hunturu ya juya baya. Inna ta tsaya tana kallon tulin a tsakar gida ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗan nan."

Sai dai mai saye ya sani, injin gunduwa-gunduwa yake yi, ba ya faskare. Gatari yana nan da aikinsa. Na kira mai faskare ya yi wuni guda, kuma ya karɓi kuɗi kaɗan da murna, don abin da ke cin ƙarfinsu dama shi ne datse gungume a kwance, ba tsaga shi ba.

A mako na uku ne na shiga makarantar injin ta gaskiya. Kawu ya aiko cewa akwai wata bagaruwa da ta bushe ta faɗi a gonarsa wajen Wamakko. Na fara yanka lafiya, can sai na ga ɓarɓashin ya koma gari, laushi kamar na tuwo. Sai na danna da ƙarfi kafin ya shiga, yankan yana karkacewa gefe guda, har hayaƙi na fita daga cikin iccen. Raina ya ɓaci, na ce shi ke nan, ƙarfin ɗan Sin ya ƙare, tumakina sun tafi a banza. Na ɗaure shi a bayan babur na kai wa wani dattijon bakanike mai gyaran janareta. Bai ko tayar da shi ba. Ya shafa babban yatsansa a kan sarƙar ya ce, "Injinka lahiya lau shike, haƙoran na sunka mutu. Ƙasa ka ba shi ya ci."

Ya yi mini bayani, kuma duk abin da ya faɗa na gan shi da idona daga baya. Iccen da ya daɗe a kwance a ƙasarmu ba icce ne kaɗai ba. Iskar hunturu ta cusa ƙura da yashi cikin kowace tsaga ta ɓawonsa. Gara kuma ta shiga ta yi gini, ta kai jar ƙasa har cikin zuciyarsa. Haƙorin sarƙa yana iya wuni yana cin icce mai tsabta bai gaji ba, amma in ya taɓa yashi na ƙiftawar ido kaifinsa ya tafi. To mu masu neman iccen kyauta, irin wannan iccen ne rabonmu, busasshe, kwantacce, mai gara. Ashe abokin gabar injin nan a Sakkwato ba sanyi ba ne, ƙura ce.

Ya zaunar da ni a kan benci ya koya mini wasa sarƙa, kuma wannan rabin awa ta fi mini duk abin da ke cikin kwalin amfani. Ya datse takobin a jikin teburinsa. Ya shafa wa haƙori guda alli don mu san inda muka faro. Ya ɗauko magagari mai zagaye, mai kaurin milimita 4.8, wanda shi ne daidai da irin sarƙata, ya kwantar da shi cikin lanƙwasar haƙorin, ya karkata shi kamar digiri 30. Daga ciki zuwa waje ake turawa, gaba kawai, in za a dawo a ɗaga hannu. Kowane haƙori adadi ɗaya, in uku uku, in huɗu huɗu, domin in na gefe guda suka fi na ɗayan tsawo shi ne yankan ke karkacewa. A gama na dama, a juya inji a bi na hagu. Akwai kuma ɗan tudu a gaban kowane haƙori, shi ke ƙayyade zurfin da haƙorin zai ciza. Bayan an yi wasa sau da yawa sai a ɗan rage masa tsawo da magagari mai faɗi, kaɗan ƙwarai, don in aka zarce injin zai riƙa fizgar mutum. Da ya gama ya ce in taɓa. Na taɓa, ya kama fatar yatsana.

Yanzu duk sanda na tsaya zuba fetur sai na bi haƙoran sau bibbiyu. Kafin in yanka gungume sai na ɓare ɓawon wurin da adda, in share da tsintsiya. In zai ɗagu sai mu ɗora shi a kan wani icce. In ba zai ɗagu ba, in yanka kashi uku cikin huɗu, mu mirgina shi, in ƙarasa ta sama, don kada takobi ya sumbaci ƙasa. Ina faɗa da babbar murya: wanda ya san ba zai zauna ya koyi wasa sarƙa ba, kada ya sayi injin nan, ko na asalin ne. Zai yi mako biyu yana murna, sannan ya jingine shi a lungu yana zagin mai shago.

Ƙurar ba a sarƙa kaɗai ta tsaya ba. Matatar iskar injin nan 'yar raga ce siririya, kuma a ranar da hazo ya yi kauri wuni ɗaya ya isa ta toshe. Alamar ita ce ya riƙa shaƙewa in ka matsa masa wuta, yana shan mai fiye da kima. Kullum da yamma nakan ja cok tukuna don kada datti ya faɗa cikin kafireta, sannan in cire ragar in wanke ta da ruwan sabulu, ta kwana ta bushe. Wasu injunan Turai suna da wata 'yar ƙofa da ake juyawa lokacin tsananin sanyi, don iska mai ɗumi daga jikin inji ta shiga kafireta kada ƙanƙara ta kama shi. Wannan na ƙasashen da ruwa ke daskarewa ne. Wanda ya samu irinsa a nan ya bar ta a saitin lokacin zafi, ko da kuwa shi kansa yana rawar ɗari.

Aibobinsa kuwa ga su. Magagarin da ya zo a kwali mako ɗaya ya yi ya zama santsi, sarƙar farko ma ƙarfenta laushi ne, sai da na sayi wata mai ɗan tsada na ga bambanci. Igiyar tayarwa ta tsinke a wata na biyu. Notuna suna kwancewa saboda girgiza, har murfin salansa ya taɓa faɗuwa cikin ciyawa muka yi ta nema, don haka kafin kowane aiki sai na bi su da sifana. In ka ajiye shi da mai a tankin gaba, da safe za ka tarar ya yi fitsari a ƙasa. Girgizarsa kuma tana da yawa: bayan tanki uku tafin hannuna yakan yi zugi kamar ana tsira masa allura, musamman da sanyi, shi ya sa ba na wuce haka a wuni. Amma duk kayan gyaransa suna nan cikin gari da araha, kuma duk mai gyaran ƙaramin janareta zai iya da shi. Wannan babban abu ne, don na ga wanda ya sayi tsohon inji mai tsada ya yi wata biyu yana jiran a kawo masa wani ɗan ƙarfe daga Kano.

Mutane da yawa za su ce ka zuba wa sarƙa baƙin man da aka juye daga mota, tunda kyauta ne. Na gwada. Ya ɓata mini tufafi, ya toshe ramin da man ke fitowa, ga shi cike da ɗan garin ƙarfe mai cin takobi. Na koma sabon mai, ko da mai araha ne. Hanyar gane yana fitowa ita ce ka nuna bakin takobin ga kwali ko busasshen dutse, ba tare da ya taɓa ba, ka matsa wuta. In ka ga siririn layin mai, to lafiya. Sarƙa kuma takan saki in ta yi zafi sai ka ɗaure, amma in an tashi aiki a sassauta ta, don in ta huce cikin sanyin dare takan tsuke ta ja wa injin lahani.

A hunturu na biyu, cikin Janairun 2025, na ga abin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Wani mai lambu a fadamar gulbin Rima ya ba mu tsohon mangwaro da ya mutu. Rassan sun sarƙe da juna. Ina datse wani a tsayin ƙuguna, ban lura ba saman bakin takobin ya taɓa wani reshe a baya. Ban ga lokacin da abin ya faru ba. Na dai ji an fizge injin sama, na ji ƙas, sai ga takobi tsaye kusan taƙi ɗaya daga fuskata, sarƙar ta tsaya cik. Bayan hannuna na hagu ne ya bugi birki ya kama. Na kashe inji na zauna a ƙasa ina Innalillahi, ƙafafuna suna rawa, ƙanena ya riƙe ni bai ce komai ba. Sarƙar nan tana gudun kusan mita 20 a cikin daƙiƙa guda. Babu hannun da ya isa ya riga ta.

Saboda wannan rana nake cewa birkin ɗan Sin ɗin nan yana aiki, kuma kafin kowane aiki sai na gwada shi. Ba na yanka da bakin takobi. Ba na ɗaga shi sama da kafaɗa, ba na hawa icce ko tsani da shi, ba na fita ni kaɗai. Ga kuma wani abu da ya shafe mu musamman: da hunturu kowa naɗe yake da rawani ko mayafi a wuya, ga riga mai faɗin hannu. Duk wani abu mai lilo a cire shi. Rigar sanyi mai kama jiki, wando mai kauri, takalmi rufaffe, tabarau irin na masu walda amma fari, takunkumi saboda ƙura, da auduga a kunne in ba a samu abin toshewa ba. A kuma kula da ƙarƙashin ɓawo, nan kunama ke ɓuya da sanyi. Sau biyu muna tarar da ita.

Batun iccen kyauta kuma, a ƙasar nan babu iccen da ba shi da mai shi. Ko ya bushe, ko ya faɗi, ko ya shekara a kwance, na wani ne. Inda nake samu shi ne wurin waɗanda guguwar farkon damina ta kayar musu da dogon yaro ko turare a gida, da masu share fili za su yi gini a bayan gari, da masu lambu da tsohon mangwaro ya mutu musu, da rassan da aka sassare saboda wayar lantarki in mai gidan ya yarda. Da damina nake zagayawa ina lura, in je in yi sallama in roƙa, in dawo da hunturu lokacin ya bushe. Al'adata ita ce in kasa uku, kashi ɗaya na mai icce, in kuma share masa wurin tas kafin in tafi. Wannan sharar ta jawo mini icce fiye da roƙo, don shi zai gaya wa wani. Na bakin titi da na gandun daji kuwa na hukuma ne, sai da izinin malaman daji, kuma ƙarar injin nan ba ta ɓoyuwa. Nesa ma ba na zuwa. Kowa ya san halin rashin tsaron da gabashin jihar nan ke ciki, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah. Baba ya daɗe da hana almajirai shiga daji neman ƙirare, ni ma duk inda ba zan dawo gida kafin la'asar ba na haƙura da shi.

Na kuma koyi halin itatuwa ta hannu. Kirya, wadda maƙera ke son gawayinta, tauri gare ta kamar ƙarfe, tana cinye kaifi amma garwashinta yana kwana. Marke da bagaruwa su ne na wutar karatu, gungume biyu su kai yara har a tashi. Dogon yaro matsakaici ne, amma in bai bushe sosai ba hayaƙinsa ɗaci ne da shi, mata ba sa so. Turare yana kamawa nan da nan, yana ƙarewa nan da nan. Kuka kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka ɓata fetur, cikinta kamar soso yake.

Wata rana wani mutum daga wajen Kware ya same ni har gida. Ya gaji gona, akwai gawo uku manya a ciki, ya ce in zo in kayar in kwashe duka, ba ya son komai. Icce ne da zai riƙe mu shekara. Na shiga zaure na gaya wa Baba. Bai ɗago daga allon da yake dubawa ba ya ce, "Busassu na ko ɗanyu?" Na ce ɗanyu ne. Sai ya ajiye allon. Ya karanto mini hadisin da ke cikin Abu Dawuda, mai tsananin gargaɗi ga wanda ya sare magarya, ya ce malamai sun fassara shi da iccen da matafiya da dabbobi ke shan inuwarsa, a sare shi ba da haƙƙi ba. Sannan ya ce, "Gawo ko, kai ma ka sani. Da damana shi ka zubda ganye shi bar ma gero rana, da rani shi ka yin inuwa shi ba bisashe abinci. Wanga mutum bai san abin da ya gada ba." Ya sa na koma na ba shi haƙuri, na kuma roƙe shi ya bar su. Ban san ko ya bari ba, don ba ni kaɗai ke da inji a garin nan ba.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da kayan da nake yabo. Da gatari, kafin mutum ya kayar da gawo sai ya yi wuni yana gumi, yana da lokacin da zai sake tunani. Da injin nan minti goma ya isa. Wurare a garin nan irin su Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Gawon Nama, duk sunayen itatuwa ne, amma yaranmu da yawa ba za su iya nuna maka marke ko taramniya ba. Jiharmu tana cikin jihohi 11 na arewa da ake aikin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa saboda hamada na matsowa, kuma kullum kana ganin motoci shaƙe da icce da gawayi suna shigowa gari. Ba na zargin mai sayen ƙulli, don ni ma shi ne, kuma dole a dafa abinci. Amma sharaɗin da Baba ya kafa mini na karɓe shi hannu biyu: injin nan ba ya taɓa ɗanyen icce a tsaye, kuma ba a ba da aronsa. Wanda ke da busasshe ya kira ni in zo da kaina.

To wa ya kamata ya saya? Mai babban gida, ko makarantar allo, ko mai tuyar ƙosai da waina da ke cin icce kullum, wanda kuma yake da hanyar samun busasshen icce da izini, da abin ɗaukowa. Irin wannan, kamar yadda na gani a gidanmu, hunturu ɗaya ya isa kuɗinsa su dawo, har da na fetur da na amalanke. Mai ƙaramin gida da gungume ɗaya ya faɗo masa, ya kira mai inji ya biya shi na wuni, ya fi masa sauƙi da kwanciyar hankali. Wanda kuma zai mayar da shi sana'a ta kullum, ɗan Sin ba zai jure ba, ya bi maganar mai shago ya tara kuɗi.

Nawa dai yana nan da ransa. Da sanyi ya wuce na juye sauran fetur, na tayar da shi har ya mutu da kansa don kada mai ya kwana a kafireta ya yi danƙo. Na cire sarƙa na jiƙa ta cikin gwangwanin mai, na wanke matata, na naɗe shi cikin buhu na kai ɗakin ajiya, mabuɗin yana hannun Baba. Kafin Nuwamba ina bukatar sabon takobi, don ramin wannan ya fara buɗewa, da magagari biyu. Akwai kuma wani turare da ya bushe a tsaye bayan wani gida a Mabera, ya karkata wajen katanga. Mai gidan ya yi mini magana, na ce masa wannan ya fi ƙarfina, ya nemi waɗanda suka iya kayarwa da igiya. In ya kwanta a ƙasa, ya aiko a kira ni.